Kibau Shida na Taubashina

Shekara talatin da ɗoriya, in aka sallame la'asar a garinmu, ƙofar gidana ake zama. Ba shayi nake dafawa ba, kuma bishiyar bedin da ke wurin rabin inuwarsa ta maƙwabcina ce. Kibiya nake ɗaurawa, shi ke nan. Ina zaune da kyauro a gefe, jijiya a baki ina taunawa ta yi laushi, ƙarafan da maƙeri ya buga mani suna cikin ƙoƙo, tsofaffin maharba kuma sun kewaye ni a kan tabarmi suna ba da labarin namun da suka kashe. Dajin kam ya daɗe da zama gonaki. Daga nan har garin Boko, in ka ce ka ga zomo sai ka yi rantsuwa kafin a yarda. Amma labarin farauta bai mutu ba, kullum ƙiba yake ƙarawa, kuma a ƙofata ake kiwonsa. Ni ne mai wuri. Ni ke cewa wane ya matsa, wane ya yi shiru Sarkin Baka zai yi magana. Mutum irina, da karatunsa bai wuce wata huɗu a ajin yaƙi da jahilci ba, ban san wata sarautar da ta fi wannan ba.

Sai taubashina ya samu kibau shida.

Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yawo ba wando yake ce mani bawa, ni kuma ina ce mashi makaho. Sunan da na sa mashi ya fi kusa da gaskiya. Mutumin nan in ka tsayar da shi taku goma daga rumbu ka ce ya harba, kajin da ke bayansa su ne cikin haɗari. Baka yake riƙewa don ubansa ya riƙe. A majalisata wurinsa can ƙarshen tabarma ne, kusa da takalma.

Mijin babbar ɗiyarsa gadi yake yi a Abuja, a wani wuri da masu hali ke zuwa harbin kibiya don motsa jiki kawai, ba don nama ba. Wani daga cikinsu zai bar ƙasar, ya bar mashi tarkacensa, shi kuma ya naɗe su cikin kwali ya ba direban motar Kankiya ya kawo ma surukinsa.

Ranar da kwalin ya iso na shimfiɗa tabarmi kamar kullum, na zauna, na jira. Har inuwa ta kai bangon maƙwabci ba wanda ya zo. Mai ɗakina ta leƙo daga zaure ta dubi tabarmin, ta dube ni.

"Malam, yau jama'ar taka aljanu ne? Ni ban ga kowa ba."

"Ƙila rasuwa aka yi."

"Rasuwar kau ana ta dariya a cikinta. Suna ƙofar makahonka, ya samu kibau na Turawa."

Kwana uku na daure. A na huɗu na ɗauki igiya na fita neman akuyar da na san tana ɗaure a bayan ɗaki, hanyar nemanta kuma ta bi ta ƙofar gidansa. Ga su nan duka, har Sarkin Baka, tsohon da yanar ido ta kusa rufe mashi gani, wanda ya yi farauta da ubana, wanda bai taɓa zama ƙofar wani ba sai tawa. Taubashina makaho na tsakiya a kan buzu, ya sa hular Juma'a ranar Talata.

Kibau shida a jere bisa farin ƙyalle. Baƙaƙe wul, sumul, ba gaɓa ko ɗaya. Huɗu da fikafikan roba a gindi, biyu tsirara kamar namu. Na ɗauki ɗaya, sai na ji kamar ban ɗauki komai ba. Na kai ta ido na bi tsawonta ina juyawa, ina neman inda ta karkace. Na juya ta sau uku. Babu. Rayuwata duka ina gasa kyauro a kan garwashi ina miƙar da shi da gwiwa, ban taɓa fitar da ɗaya mai miƙewar wannan ba, ga shi Allah ya zubo shida a cinyar mutumin da bai san bambancin kyauro da karan dawa ba.

Na ce, "Abin wasan yara ne."

Ya ce, "To ajiye mani abin wasana, bawa, hannunka da toka."

Aka yi dariya. A ƙofarsa aka yi mani dariya.

Abin da ya cece ni shi ne kibau ɗin ba su da kai. Sandunan rami ne a ciki kamar bututu, kawunan suna cikin leda daban, ga kuma wasu 'yan fararen ƙarafa guntaye masu tiredi a ciki irin na noti. Kwana uku suna cusa su a bakin sandan suna faɗowa. Makaho ya ciro waya ya danna mamu saƙon muryar surukin nasa, wanda na ji an ce ya kunna ya fi sau ashirin.

"Baba, ina gaisuwa. Sandan nan kabon ake ce mashi. Don Allah kada a kai shi kusa da wuta, lalacewa yake. Ɗan farin ƙarfen nan shi ake fara sawa a bakin sanda, sannan a murɗa kan kibiyar a cikinsa. Amma kada a manne shi gaba ɗaya tun farko. A sa gam na wucin gadi, a harba marar fiffiken a ga tafiyarta. In tana kaɗa gindi, a cire ƙarfen, a rage tsawon sandan kaɗan, a mayar, a sake harbawa. Sai ta daidaita da bakan mai ita, sannan a sa gam na dindindin. Af, gam ɗin wucin gadin na manta ban sa a kwalin ba. A gaida su Inna."

Sannan kawuna suka juyo wajena ɗaya bayan ɗaya. Na yi gyaran murya, na naɗe igiyar akuyata a hannu a hankali.

"Aikin nan ba na bakin hanya ba ne. Sai dai a kai su zaurena."

Washegari tabarmina ba su isa ba, sai da na aro biyu. Ban da namu, har daga Tafashiya da Rimaye mutane suka riƙa zuwa kan babura don ganin kibiyar da ba a gasawa.

Gam ɗin bai ba ni wahala ba. Ƙaron maje na samo, na haɗa da kakin zuma, na narke su a gwangwanin tumatir. In ya huce yana riƙewa tamau, in ya ji ɗumi ya saki. Ɗan farin ƙarfen, wanda muka raɗa ma suna ɗan-ciki, sai in murɗa mashi kai, in riƙe kan da awartaki, in ɗumama shi shi kaɗai nesa da sandan, in shafa gam, in tura shi ciki ina juyawa, in goge abin da ya tumbatso da yatsa. In zan cire, sai in tsoma bakin kibiyar a ruwan zafi in ƙirga ashirin, in ja, ya fito salin alin. Buhu na cika da ƙaiƙayi da tsummoki na jingine a jikin katanga, na auna taku ashirin na ja layi da ƙafa.

Da bakan makaho na yi aikin, tunda da shi za a harba, kuma na auna iyakar jansa da zare na ɗaura alama, don hannuwansa gajeru ne kamar na gafiya. Harbin farko kibiyar ta tafi tana kaɗa gindi hagu, ta shiga buhu a karkace. Na cire ɗan-ciki, na naɗe bakin sandan da salatif don kada ya tsage, na sa siririn zarton ƙarfe ina juya sandan a hankali har na rage faɗin farce. Na mayar, na harba. Kaɗawar ta ragu. Na ƙara. A rana ta uku da hantsi, mutane suna kasuwar Kusada, ni kaɗai a ƙofar gida, na saki tsirkiya sai na ga ɗigo baƙi kawai yana tafiya. Ba gindi, ba gefe. Ta shiga buhu a miƙe kamar an buga ƙusa. Na yanke sauran biyar daidai da ita, na harba su duka, suka taru wuri ɗaya da faifai zai rufe.

Aiki ya ƙare ke nan. Kwana uku.

Na zauna a bakin zaure da su a cinyata. In na faɗa yau, gobe war haka ni da kaji ne a ƙarƙashin bedi. Na duba hagu, na duba dama, ba wanda ya gani. Na mayar da su cikin kwali.

Da la'asar jama'a ta taru, na tsaya a kan layi, na ja, wajen saki na ɗan fizgi tsirkiya da yatsan tsakiya. Ɗan kaɗan, yadda ido ba zai kama ba. Kibiya ta tafi tana rawa kamar amaryar da aka matsa ma.

"Kun gani? Da saura."

Suka ce lallai da saura.

Daga nan kullum da abin da nake samowa. Yau ɗan-ciki ya zauna a karkace, sai an cire an juya shi. Gobe iska ce daga gabas. Jibi kakin na zumar rami ne, na zumar amya ake so. Wata rana na ce tsirkiya ta sha raɓa, alhali muna tsakiyar bazara, ko ƙadangare neman inuwa yake. Zarto kam ban sake kai shi kusa da su ba, don abin da ka yanke ba ya dawowa, kuma duk baƙin cikina ban iya ɓata abu mai kyau irin wannan. Sai dai in cire, in mayar, in cire, in mayar. Har gardama ta kafu a majalisa, wasu na bayan zumar amya, wasu na cewa laifin ƙaiƙayin buhun ne. Ni kuma ina tsakiya ina raba gardama kamar alƙali.

Kada a ce daɗi kawai nake ji. Jama'a ta dawo ƙofata, amma ba don ni ta dawo ba. Kwarina na rataye a jikin bedi cike da kibau na hannuna, ba mai ko kallonsu. Wani baƙo daga Rimaye ya zaro ɗaya ya sosa bayansa da gindinta, ya mayar, bai ma san ya yi ba. Duk wanda ya zo tambayarsa ɗaya ce: ina mai kibau ɗin? Sai a nuna makaho, wanda yanzu ya baro wajen takalma ya dawo dab da ni, gwiwarsa na gugar tawa. Da hantsi kuma in ba kowa, sai in fito da su in harba yadda ya kamata, in tsaya ina kallon tafiyarsu har idona ya kawo ruwa. Ina son su, ina jin haushin ina son su. Da a ce na wani baƙo ne daga nesa da na haƙura. Amma makaho!

Shi kuwa ya fara ramewa da jira.

"Bawa, don girman Allah, yaushe?"

"Kai da surukinka wa ya fi sanin abin nan? Cewa ya yi sai ta daidaita."

"To bari in harba ko sau ɗaya."

"Ka harba da gam na wucin gadi? In ta bi ta katanga ta samu tunkiyar mutane, kai za ka je gaban mai gari."

Sai ya ɓare goro ya miƙo mani rabi. Ina karɓa kuma.

Mai ɗakina ce ke dafa ruwan zafin kullum, da karanta. Ita ba a yi mata wayo, don ta katangar kicin tana hango buhun, ta ga harbin hantsi, ta ga na la'asar. Wata rana ta dire tukunyar a gabana har ruwa ya fallatso mani a ƙafa.

"Ruwan zafin da na dafa ma sandunan nan, Malam, ko mai jego ce yau ta yi arba'in. Sai a yi mata kitso ta koma ɗakinta."

"Ke ba ki san aikin maza ba."

"Na san kibiyar da ke da lafiya da safe, ta kamu da farfaɗiya da yamma. Karana dai ya ƙare. Gobe ka dafa da kyauronka, tunda ba mai so."

Wannan ta shige ni, amma ban fasa ba.

Wanda ya kwance mani zani a kasuwa bai ma ga komai ba. Sarkin Baka duk kwanakin nan yana zaune a jingine da bedi, kai a karkace, ba ya shiga gardamar zuma. Ranar wata Alhamis, wuri ya cika, na ja na saki da 'yar fizgata, kibiya ta yi rawarta, na buɗe baki zan ce da saura, sai ya ɗaga sandarsa.

"Yaro."

Ina da jikoki goma sha, amma shi yaro yake ce mani.

"Ranka ya daɗe."

"Sake harbawa in ji."

Na sake. Ya gyaɗa kai.

"Tsirkiya in an sake ta da gaskiya, murya ɗaya take yi. Taka biyu take yi. Ubanka in yana son ya bar ma baƙo nama ya harba, haka yake sakinta. Shi don kunya yake yi. Kai don me?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yatsan ne ke mani sanyi kwanan nan."

"A bazara? To hutar da shi. Bakan wa aka daidaita su da shi?"

"Na makaho."

"Ba makaho ya harba."

Na yi ta kawo zancen tunkiyar mutane, ba wanda ya taya ni. Makaho ya miƙe, ya gyara hula, ya karɓi bakansa. Mutanen da ke zaune a gefen katanga suka kwashe tabarminsu suka koma bayan bedi, wani har da ɗauke butarsa. Wannan ya ɗan sanyaya mani rai. Na ce a zuciyata, bari ya harbi sama, kowa ya ga ba a kibiya abin yake ba.

Ya ja har alamar zaren da na ɗaura mashi, ya rufe ido ɗaya, ina jin ma duka biyun ya rufe, ya saki.

Tsakiyar buhu.

Shi kansa sai da ya waiga ya ga ko wani ne ya harba daga bayansa. Aka miƙa mashi ta biyu, ta shiga kusa da 'yar'uwarta. Ta uku ta ɗan yi ƙasa, amma tana cikin buhu. Mutumin da bai taɓa samun rumbu ba. Wuri ya kaure, ana ta kabbara, wani ya ɗaga hannun makaho sama, wani na cewa ai jini ba ya ɓata, ubansa ma haka yake, ashe duk shekarun nan kibau ne ba a ba shi masu kyau ba. Kibau ɗin da ba a ba shi masu kyau ba, nawa ne. Ina tsaye da gwangwanin tumatir a hannu. Ba wanda ya ce kai, wanda ya yanke sandan nan ya san aiki. Faɗin farce uku na rage, da na wuce da ɗaya da yanzu tana cikin gidan maƙwabci, amma wa zai yi kabbara don faɗin farce?

Makaho ya zo ya dafa kafaɗata, yana haki.

"Bawa, ka gani? Ka ga ubangijinka?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da gam na dindindin, irin mai haɗi biyu da kanikawan Kankiya ke like tankin babur da shi. Kwalinsa har ya yi laushi, don tun makon farko yake yawo da shi.

Sarkin Baka ya ce, "A manne su yanzu, muna zaune."

Na shiga cikin gida da kaina na dafa ruwa, mai ɗakina na tsaye ta riƙe ƙugu tana kallona. Na fito na cire 'yan-ciki shida, na goge kakin da tsumma a kan tsinke har ramin ya fita tas, na kankare ƙarafan da samfefa don gam ya kama. A nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Gwangwanina na nan a gefe, ba wanda zai bambance in na shafa wancan a maimakon wannan, ko a biyu daga ciki. Kwana kaɗan rana ta gasa su, kai ya saki, dole a dawo wurin bawa. Har na kai hannu. Sai na tuna in suka saki, ba za a ce gam ne ba, cewa za a yi ɗaurin wane ya saki, abin da ba a taɓa faɗa ba tun da na fara. Na cuɗa haɗi biyun a kan fasasshen tangaran, na manne su ɗaya bayan ɗaya, manni na tsakani da Allah, ina yi ina tsine ma hannuna.

Na ce sai sun kwana sun bushe a tsaye, kada a motsa su. Wannan kam gaskiya ce, ta kuma ba ni yini ɗaya. Washegari bayan la'asar ya zo da farin ƙyallensa ya naɗe su, ya saɓa a kafaɗa, jama'a ta bi shi kamar an ɗauko amarya. Sarkin Baka ne na ƙarshen tashi. Ya laluba ya kama hannuna, ya ce yankan ya yi kyau, ya ji a kunnensa. Sannan ya ce in kama mashi hannu in kai shi ƙofar makaho. Na kai shi, na juyo.

Kwana biyar na yi ina shimfiɗa tabarmi ina naɗewa. Na ɗaura kibau goma sha biyu da ba wanda ya ce in ɗaura. A na shida na ji ihu daga can, na san ya sake samun buhu, na ga in na ƙara yini ɗaya ni kaɗai zan fara ba kaji labarin farauta. Na naɗe tabarma ɗaya na saɓa.

"Jama'a, ku matsa, bawa ya dawo gidan ubangijinsa!"

Suka matsa. Ba laifi, wurin da aka ba ni da inuwa. Ina zaune ya ba wasu baƙi labarin yadda ya daidaita kibau ɗin, wai ya ce ma yaronsa rage nan, ƙara can. Na ce ƙarya yake, aka yi dariya, aka ɗauka wasan taubasai ne.

Har yau can ake zama. An ma ba ni aiki: in ya harba, ni ke zuwa in zaro su daga buhu, wai ni na san yadda ake riƙe su. Ina zuwa kuwa. In na kama sandan sai in taka buhun da ƙafa in fizga da duk ƙarfin da ya rage mani, ko Allah zai sa kai ɗaya ya zauna a cikin ƙaiƙayi. Damina biyu ke nan ina fizga, ko motsi ba su yi ba.